Wace waya ce ta dace da jona injin walda a gida?

Tun da ƙananan injinan walda na imbata suka yawaita a kasuwa, magidanta da matasa da dama sun koma gyaran ƙofa, taga da keken ɗinki a tsakar gida. Sai dai mafi yawansu kan jona injin da wayar ƙari irin wadda ake cajin waya ko kunna talabijin da ita, kuma daga nan gobara kan samo asali.

Wutar gida a Najeriya bolt 230 ce, fulogi mai ƙafa uku da aka saba gani kuma fis ɗinsa bai wuce amfiya 13 ba. Injin da aka rubuta wa amfiya 200 kuwa, idan aka ƙure shi yana iya jan fiye da amfiya 25 daga soket. Amfiya 200 ɗin ita ce wutar da yake fitarwa zuwa sandar walda. Abin da mai sayen waya zai duba shi ne adadin da ke gaban I1max da I1eff a jikin farantin injin, domin su ne ke nuna wutar da yake sha.

Kauri da tsawo

Gwargwadon tsawon waya, gwargwadon wutar da ke ɓacewa a hanya ta zama zafi. Idan injin na jan amfiya 25 a nisan mita 30, waya mai kaurin 1.5 za ta zubar da kusan bolt 22, mai 2.5 kusan bolt 13, mai 4 kuma kusan bolt 8. A unguwar da wuta ke zuwa da rauni, wannan asara kan sa sanda ta riƙa liƙewa, injin ya yi zafi.

Don haka 2.5 ta wadatar ne kawai ga aiki mara nauyi kusa da soket. Aiki mai nauyi ko mai nisa na buƙatar 4 ko 6, da soket na musamman mai birekarsa daban, wanda ƙwararren mai gyaran wuta ya haɗa.

Jabun waya

Akwai wayar alminiyam da ake shafa wa jan ƙarfe a sama. Idan aka kankare silinta aka ga fari a ciki, ba jan ƙarfe zalla ba ce, kuma ba ta ɗaukar wutar da aka rubuta mata. Mai saye ya nemi tambarin hukumar SON, ya kuma tabbatar wayar sili uku ce, har da kore mai ratsin ɗorawa da ke kai wuta ƙasa idan injin ya lalace.

Kafin fara aiki a warware wayar gaba ɗaya, domin naɗaɗɗiya ba ta fitar da zafi. A nesanta ta da tartsatsi da ruwa, kada a yi mata faci da leda. Idan fulogi ya yi zafin da hannu ba zai jure ba, ko aka ji ƙaurin roba, a kashe wuta nan take.