Shirin Musamman: Ƙasar Anka, Gummi da Bukkuyum Tsakanin Kiwo, Zinare da Girman Gari

Shirin musamman na yau ya leƙa yammacin Jihar Zamfara, wato ƙananan hukumomin Anka da Gummi da Bukkuyum, yankin da Gulbin Zamfara ya ratsa ya bar masa fadamu masu albarka, kuma yankin da tun kafin a cire jihar daga tsohuwar Jihar Sakkwato a shekarar 1996 aka san shi da noma da kiwo. Ƙasa guda ce ake nema ta ciyar da garke, ta ɗauki gidajen garuruwan da ke ta faɗaɗa, ta kuma ba da zinaren da ke cikinta, alhali ba ta ƙaru ko da taki ɗaya ba.

A da can akwai tsari tsakanin manomi da makiyayi wanda ya kare ƙasar kanta. Akwai burtali, wato hanyar da aka keɓe wa dabbobi tsakanin gonaki, akwai makiyaya, akwai mashaya, har ma gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wuraren kiwo a shekarar 1965. Bayan an kawar da amfanin gona, makiyayi kan sauka a gonar manomi, shanu su ci kara da harawa, su bar masa taki, ta yadda abin da ƙasa ta bayar yakan koma mata. Da jama'a suka ƙaru, gonaki suka cinye burtali suka shiga makiyaya, sai garken da ya saba yawo a fili mai faɗi ya takure wuri guda, yana cinye ciyawa tun ba ta zubar da iri ba, kofato kuma yana daddaɓe ƙasar bakin mashaya har ruwan sama ya kasa nutsewa, ya riƙa gudu yana kwashe ƙasar sama mai albarka, abin da ake kira zaizayar ƙasa. Da rani kuwa, idan ciyawa ta ƙare, rassan bishiyoyi ake sarewa a ba dabbobi. Ɗora wa saniya laifin wannan ɓarna ita kaɗai rashin adalci ne, domin dabbar da aka toshe wa hanya ba ta da zaɓin inda za ta ci.

Babu abin da ya nuna yadda lafiyar ƙasa da ta dabba da ta ɗan Adam suke ɗaure da igiya ɗaya kamar annobar gubar dalma. Bayan rikicin tattalin arzikin duniya na shekarar 2008 farashin zinare ya yi tashin gwauron zabo, sai manoma da dama a Anka da Bukkuyum suka koma haƙa, suna kai duwatsun cikin gida, ana daka su a turmi ko a niƙa su da injin niƙan hatsi, a tsakar gidan da yara ke rarrafe. Duwatsun suna ɗauke da dalma, ƙarfen da idan ƙurarsa ta shiga jikin yaro takan taɓa ƙwaƙwalwa, ta kawo jijjiga da suma, wanda ya tsira kuma tana iya bar masa naƙasa ta dindindin. A watan Maris na 2010 ƙungiyar likitoci ta MSF ta lura da yawan mutuwar ƙananan yara a ƙauyuka irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, kuma kafin a shawo kan lamarin yara aƙalla 400 sun rasu. A wasu wurare an auna dalmar da ke cikin ƙasa ta haura kashi dubu 100 cikin miliyan, alhali ma'aunin da Amurka ke amfani da shi a lokacin don unguwannin zama bai wuce 400 ba.

Abin da ya kamata a daɗe ana tunawa shi ne dabbobi ne suka fara ba da labari. Mutanen ƙauyukan sun shaida wa masu bincike cewa agwagi sun ƙare tun kafin yara su fara kwantawa, domin su ne ke wuni a kududdufan da ake wanke garin dutse, kuma a irin waɗannan kududdufai ne shanu da awaki ke sha, a nan ne ake ɗiban ƙasar yin tubali. Maganin da ke fitar da dalma daga jini ba ya amfani idan yaro zai koma gidan da gubar take, shi ya sa sai da aka kankare ƙasar saman gidaje aka binne ta, aka zuba sabuwa. Bagega, wadda ta fi sauran ƙauyukan girma, ba ta samu wannan aiki ba sai a shekarar 2013, bayan doguwar jiran kuɗin gwamnatin tarayya.

Girman garuruwan yankin kuwa ba na arziki ba ne kawai, har da na gudun hijira. Satar shanu da hare-haren 'yan bindiga, irin wanda ya auka wa ƙauyukan Anka da Bukkuyum a watan Janairu na 2022, sun tura dubban mutane cikin garin Anka da Gummi tare da ragowar dabbobinsu. Kowane sabon gida yana buƙatar itacen girki ko gawayi, da ƙasar gini, da ruwan sha, kuma tun da daji mai nisa ya gagari shiga, bishiyoyin bakin gari ne ke biyan kuɗin. Wanda bai samu fili a tudu ba yakan yi gini a hanyar ruwa, kuma ambaliyar da ta rushe gidaje masu yawa a Gummi a daminar 2024 ta nuna hatsarin zama a ƙasar da ruwa ke bi.

Gwamnatin tarayya ta hana haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilu na 2019, ta kuma ɗage haramcin a watan Disamba na 2024. Bayan ɗage haramcin, wajibi ne hukumomi da masarautun Anka da Gummi da Bukkuyum su keɓe wuraren sarrafa dutse nesa da gidaje da mashaya, su sake shata burtalan da aka cinye, su kuma hana gini a magudanan ruwa. Ga magidanta masu sauraro kuma, kada a shigo da dutsen zinare cikin gida, kada a niƙa shi a injin da ake niƙa hatsi, kuma mai aikin haƙa ya wanke jiki ya sauya tufafi kafin ya ɗauki ɗansa.