Kafin Ka Dangwala Yatsa a Caji Ofis

Jama'ar Bebeji, Kiru, Tudun Wada da Doguwa, a saurara. Ba ɓarawo kaɗai ake kamawa ba. Ana kama manomi a kan rikicin iyakar gona. Ana kama makiyayin da shanunsa suka faɗa hatsi. Ana kama ɗan acaɓa saboda fasinjan da ya ɗauka. Da yawansu ba a gaban alƙali shari'arsu ke lalacewa ba. A kwana biyun farko take lalacewa, tun kafin wani ya tuna da lauya.

Takarda ce ke fara cin mutum. A rubuta bayani da Turanci, a miƙo maka, a ce dangwala yatsa ka tafi gida. Kada ka dangwala. Sashe na 35 na tsarin mulkin 1999 ya ba ka ikon yin shiru har sai ka gana da lauya ko wani wanda ka zaɓa. Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ta yarda a ɗauki bayaninka a gaban lauyanka ko wani naka, a kuma kawo tafinta in ba ka jin Turanci. Ka nemi a karanta maka da Hausa, layi bayan layi. Takardar nan za ta bi ka har babbar kotu. Sau da yawa da ita kaɗai ake ɗaure mutum. In dukanka aka yi kafin ka amsa, ka faɗa wa alƙali ranar farko, ka nuna tabon tun bai warke ba. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 25 ga jami'in da ya aikata haka.

Kwanaki ma suna ci. Doka ta ce a kai wanda aka kama kotu cikin kwana ɗaya in akwai kotun da ta dace a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu. Manyan laifuka masu hukuncin kisa ne kawai suka fita daban. Belin caji ofis kyauta ne. Amma dangi sukan sayar da buhun masara ko tunkiya su ba wani ɗan tsakani wanda ya ce ya san oga. Kuɗin ya tafi, babu rasit, mutum yana ciki. Gobe a nemi ƙari.

A kula da kamun da ba shi da tushe. Ba a kama uba a madadin ɗa. Ba a tsare mata don mijinta ya fito. Dokar 2020 ta hana. Ta kuma hana kama mutum a kan bashi zalla ko saɓa alkawarin ciniki. Bashin taki da aka ce za a biya da kaka maganar kotu ce ta neman haƙƙi. Wanda ya yi shiru aka tsare shi a kan wannan, an buɗe ƙofar da za a bi a tsare maƙwabcinsa.

Wanda ya fi tayar mini da hankali shi ne amsa laifi a gaban majistare. Ɗan sanda mai gabatar da ƙara ya karanta tuhuma. Alƙali ya tambaya ko gaskiya ne. Wani ya riga ya raɗa maka cewa ka ce eh, tara ce kawai, yau za ka kwana a gida. Da ka ce eh, alƙali yana da ikon yanke hukunci nan take. Ba a kiran shaida. Ba wanda ya isa ya yi maka alkawarin abin da alƙali zai yanke. Mai raɗar ba zai bi ka gidan yarin Kurmawa ba. Ko da tarar aka ci ka, sunanka ya shiga cikin waɗanda aka taɓa samu da laifi, kuma zai taso ranar neman aikin gwamnati ko ranar wata shari'ar. In ba ka aikata ba, ka ce ba ka aikata ba. Sashe na 36 ya ɗauke ka marar laifi har sai mai ƙara ya tabbatar. In ba ka gane tuhumar ba, ka ce ba ka gane ba. Tafinta haƙƙinka ne, ba ka biyan ko sisi.

Mu da ke gefen dajin Falgore muna da namu haɗarin na daban. Saniya mai arha, babur marar takarda, wayar hannu da aka sayar a tsaye a tasha. Karɓar kayan sata da sani, ko da dalilin da ya isa ka yi zargi, laifi ne da ɗaurinsa kan kai shekara 14. A saya a kasuwa, a gaban dillali da shaidu, a karɓi takarda. Wayar da aka yi amfani da ita wajen neman kuɗin fansa za a bibiye ta har aljihunka.

Daga nan ake faɗawa ramin jiran shari'a. Majistare ba shi da hurumin sauraron kisan kai ko fashi da makami. Zai tura mutum gidan gyaran hali, Kurmawa ko Goron Dutse, a jira shawarar Ma'aikatar Shari'a. Fayil yana iya kwantawa wata da watanni. Kusan biyu cikin uku na mutanen da ke tsare a gidajen yarin Najeriya ba a yanke musu hukunci ba. Daga Riruwai zuwa Kano tafiya ce mai cin kuɗin mota, dangi su zo sau biyu su gaji. Gona ta kwana ba shuka. Yara su bar makaranta. A samu mutum ɗaya a gida ya riƙe lambar ƙara, sunan kotu da ranar zama. In babu kuɗin lauya, Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta tarayya tana da ofis a Kano, kuma aikinta kare marasa hali ne kyauta. Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ma tana karɓar koke. A je a makon farko.

Mai tsayawa beli, kai ma ka san abin da ka ɗauka. In wanda ka tsaya wa ya gudu, kuɗin da ka sa hannu a kansu za a nema a wurinka. Wanda aka ba beli kuma, kada ranar zama ta wuce ka ko da ranar kasuwa ce. Fashin zama ɗaya ya isa a ba da umarnin kamo ka, a soke belin.

Bayan hukunci, ƙofar ɗaukaka ƙara ba ta daɗewa a buɗe. Daga kotun majistare kwana 30 ne. Daga babbar kotu zuwa kotun ɗaukaka ƙara kwana 90. Wanda ya bari suka wuce sai ya roƙi ƙarin lokaci, kuma kotu tana iya ƙi. A nemi kwafin hukuncin tun ranar da aka yanke shi, a kai wa lauya washegari.