Auna Ƙarfin Laka a Ƙarƙashin Tafkin Kainji

Tun da aka datse Kogin Kwara a Kainji cikin 1968, ruwan da a da yake wuce Shanga da Yelwa a guje ya koma tafiyar hawainiya. Ruwa kuwa in ya rage gudu, sai ya sauke kayansa. Rairayi, da yake ya fi nauyi, shi ke fara kwantawa wajen Yawuri, inda kogi ke shiga tafki. Laka mai laushi ta zarce zuwa gaɓar Ngaski. Akasarin wannan kaya farin ruwa ke kawo shi, watau ambaliyar damina, gama baƙin ruwa da ke isowa daga duwatsun Gini lokacin hunturu ya riga ya tace a fadamun Mali.

Gorar ɗan kwale-kwale tana nuna zurfin ruwa, amma ba ta faɗin nauyin da ƙasar ke iya ɗauka. Wannan kuwa shi ne abin da mai kafa ginshiƙin gada ko tashar jiragen ruwa ke bukatar sani. In aka ɗebo lakar zuwa ɗakin bincike, girgiza kan canja halinta. Saboda haka ya fi kyau a auna ta inda take kwance.

Na'ura ta farko sanda ce ta ƙarfe mai tsini kamar kan mashi, wadda aka ƙago a ƙasar Holan wajen 1932. Akan tura ta cikin ƙasa daga kan jirgi, santimita 2 kowace daƙiƙa, ana rubuta turjiyar da tsinin ke gamuwa da ita. Ta biyu tana da fikafikai huɗu. Akan cusa su cikin laka, sa'an nan a murɗa a hankali har lakar ta yanke. Ƙarfin murɗawar shi ne ma'auninta.

A tafki irin na Kainji awon yana da ma'ana ta musamman. Sabuwar laka tana kwance ne bisa tsofaffin gonaki da tsibiran Gungawa da ruwa ya shanye. Tsinin zai ratsa ta ba wuya, sa'an nan ya ci karo da tsohuwar ƙasa mai tauri. Tazarar da ke tsakani ita ce ke nuna yawan abin da ya taru tun 1968, da kuma zurfin da lalle harsashi ya kai kafin a amince da shi.