Kallon Dolfin a Kan Babur ɗin Ruwa: Nishaɗin Baƙo, Takurar Mai Gida

A garuruwan bakin teku na jihar Fulorida ta Amurka, irin su Panama City Beach da Destin da tsibirin Marco, akwai wata sana'a da kasuwarta ke buɗewa da zarar hutun bazara ya kama. Kamfani zai jera baburan ruwa a bakin gaɓa, ya ɗauki matasan da suka san lungu da saƙo na ruwan wajen su zama jagorori, sannan ya kafa allo yana kiran masu yawon buɗe ido su zo a kai su inda dolfin yake. Mutum ya biya, a ba shi babur shi kaɗai ko da mai ɗaki a baya, ya shiga ayari ya bi jagora na awa ɗaya ko biyu. Hotunan tallar duk iri ɗaya ne: ruwa garai-garai, baƙo yana washe baki, ga dabbar nan dab da ƙafarsa.

Wannan kusancin da ake nunawa a hoto shi ne hajar da ake sayarwa, kuma shi ne abin da dokar ƙasar da binciken masana suka ce a guje masa.

Babur ɗin ruwa bai daɗe a duniya ba. Wani Ba'amurke mai suna Clayton Jacobson II ne ya ƙirƙiro shi, kamfanin Bombardier na Kanada ya fitar da Sea-Doo a 1968, Kawasaki na Japan ya biyo baya da Jet Ski a farkon shekarun 1970, daga baya Yamaha ya kawo WaveRunner. Ba shi da farfela a waje kamar jirgin ruwa mai inji. Injinsa yana zuƙo ruwa ta ƙarƙashi ne, ya feso shi da ƙarfi ta wani bututu a baya, wannan feshin ne ke ingiza shi gaba. Idan ka murɗa hannun, bututun ne ke juyawa. Ma'ana, sitiyarinsa ya dogara ga totur: ka saki totur, feshi ya ragu, babur ya daina jin maganarka, ya ci gaba da sulalewa inda ya sa gaba. Sabon shiga kuwa, da ya ga wani abu ya ɓullo a gabansa, abin da hannunsa zai fara yi shi ne sakin totur. Sababbin ƙira sun zo da birki da wasu dabaru na rage wannan matsala, amma halin na'urar bai sauya duka ba. Masu ƙarfi daga cikinsu kan wuce kilomita 100 a awa, kuma suna iya shiga ruwan da bai kai ƙugun mutum ba.

Kafin a tashi, jagora kan tara ayarinsa a kan dakalin katako. Kowa ya sa rigar hana nutsewa, a ɗaura masa wata igiya a wuyan hannu wadda ɗaya bakinta ke maƙale da makunnin inji, ta yadda idan ya faɗa ruwa injin zai mutu nan take. A koya musu alamun hannu: rage gudu, tsaya, bi layi ɗaya. Dokar Fulorida ta hana wanda bai kai shekara 14 ba tuƙa wannan babur, ta hana ba da hayarsa ga wanda bai kai 18 ba, kuma duk wanda aka haifa daga 1 ga Janairun 1988 zuwa yau sai ya nuna shaidar ya yi darasin kiyaye haɗarin ruwa. Ta fuskar lafiyar ɗan Adam an yi ƙoƙari. Ta fuskar wanda ake zuwa kallo ne zancen ya yi tsawo.

Dolfin ba kifi ba ne, ko da yake ya yi kama da shi. Dabba ce mai shayarwa, mai huhu, wadda dole ta taso saman ruwa ta shaƙi iska ta wata ƙofa da ke tsakiyar kanta. Macen kan yi goyon ciki na kimanin wata 12, ta haifi ɗa guda, ya zauna tare da ita shekara uku zuwa shida yana koyon farauta da hanyoyin ruwa. Dolfin ko barci ba ya yi gaba ɗaya. Rabin ƙwaƙwalwarsa ne ke hutawa, ɗaya rabin na farke don kada ya manta da numfashi. Mafi muhimmanci ga batunmu shi ne cewa rayuwarsa kusan duk ta kunne ce. A ruwan da ido ba ya gani da nisa, yakan fitar da wata ƙara mai kama da ƙas-ƙas, ta bugi kifi ko dutse ta dawo masa, da haka ya san girman abin da nisansa. Kowane ɗayansu yana da fito na kansa da 'yan'uwansa ke gane shi da shi, uwa da ɗa kuma da wannan fiton suke neman juna. Sauti a cikin ruwa yana tafiyar kusan mita 1,500 a daƙiƙa, ya ninka gudunsa a iska fiye da sau huɗu. Injin da kai kake jin ƙararsa sama-sama, shi ya daɗe da jin sa tun daga nesa.

Ba hasashe ake yi ba a nan. A mashigin ruwa na Sarasota, a gaɓar yammacin Fulorida, tun 1970 masana ke bin diddigin dolfin ɗin wajen, kuma babu wani bincike a kan dolfin na daji da ya kai wannan daɗewa. Sun san su ɗaya bayan ɗaya ta tabon da ke kan ƙayar bayansu, sun san wace ce uwar wane, har sun bi wata mai suna Nicklo ta kai shekara 67. A wani nazari da masana Nowacek da Wells da Solow suka wallafa a 2001, an nuna cewa da rana, duk bayan kimanin minti shida sai wani abin hawa na ruwa ya wuce a tazarar da ba ta kai mita 100 daga dolfin ba. Idan ya tunkaro, sukan daɗe a ƙarƙashin ruwa kafin su taso numfashi, su matsu wuri ɗaya, su sauya hanya, su ƙara sauri. Abin ya fi tsanani idan mai tunkarowar yana tafiyar kwana-kwana, kuma a ruwa marar zurfi. Ka ƙaddara mai jego ce zaune a tsakar gida tana ba jariri nono, duk bayan minti shida ɗan acaɓa ya faɗo ta zaure ya kewaya ta ya fice. Ba zai taɓa ta ba, amma wane irin shayarwa za ta yi, wane irin barci?

Gudu, kwana ba zato, da iya kutsawa ruwa marar zurfi: waɗannan ukun su ne daɗin babur ɗin ruwa, su ne kuma ainihin abin da binciken ya ce yana tayar wa dabbar hankali. Gaɓar da babban jirgi ba ya iya shiga, wadda uwa ke fakewa da ɗanta a ciki, babur na shiga ba wahala.

Sai kuma maganar lissafi, wadda masu talla ba sa kawowa. Mutum 40 a cikin jirgin kallo guda inji ɗaya ne ko biyu, suna tahowa daga gefe ɗaya, a hannun matuƙi ɗaya da ya san aikinsa. Mutum 40 a kan babura, biyu-biyu, injuna 20 ke nan a hannun mutum 20, waɗanda da yawansu ranar suka fara riƙe totur, kuma kowa hannu ɗaya na kan waya yana neman hoto. Ba wai babban jirgin ba shi da laifi ba. A Shark Bay da ke yammacin Ostareliya, binciken Lars Bejder da abokan aikinsa na 2006 ya gano cewa da jiragen kallo suka ƙaru daga ɗaya zuwa biyu kacal, yawan dolfin a yankin da suke zirga-zirga ya ragu da kusan ɗaya cikin bakwai. Hukuma ta mayar da lasisin zuwa guda ɗaya. Idan jirgi biyu sun yi haka, ayarin babura safe da yamma fa?

Wani zai ce ai dolfin da kansa yake zuwa, kuma ga shi yana murmushi. Murmushin nan ƙirar muƙamuƙinsa ce, haka fuskarsa take ko yana cikin azaba. Zuwan kuwa kashi biyu ne. Akwai na wasa, inda yakan hau igiyar ruwan da jirgi ya tayar na ɗan lokaci ya kama gabansa. Akwai kuma wanda ke zuwa ya ɗago kai a gefen babur, baki buɗe, ya tsaya yana jira. Wannan bara yake yi, kuma mutane ne suka koya masa. A Panama City Beach, Amy Samuels da Bejder sun wallafa bincike a 2004 da ya nuna cewa dolfin ɗin da ke barin mutane su matso su yi iyo a gefensu, waɗanda aka saba ba su abinci ne.

Labarin wani namiji a kusa da Nokomis, kudu da Sarasota, ya isa misali. Mutanen wajen sun laƙaba masa suna Beggar, wato mabaraci. Fiye da shekara 20 ya yi yana zarya a wani ɗan gajeren yanki kusa da wata gada, yana bin jirage. An jefa masa jatan lande, an jefa masa tsiran nama da kayan ƙwalam, har giya an tsiyaya masa. A 2011 masu bincike sun zauna suna kallonsa na awa 100, suka ƙirga mu'amalarsa da mutane har sau 3,600. Ya ciji mutane da dama da suka miƙa hannu za su shafa shi. A watan Satumban 2012 aka tsinci gawarsa tana yawo a ruwa. Da aka buɗe, sai ga karyayyun haƙarƙari, ga tabon jirage a bayansa, ga ƙugiyoyin kamun kifi a cikinsa. Sabo turken wawa, in ji Hausawa, amma a nan ban ga wautar dabbar ba. Abin da ya fi muni shi ne ɗabi'ar tana yaɗuwa: ɗan da ya ga uwarsa na bara a gefen jirgi, barar zai koya maimakon farauta.

Doka ta daɗe da yin magana. Tun 1972 Amurka ke da dokar kare dabbobin teku masu shayarwa, wadda a ƙarƙashinta ciyar da dolfin na daji ko takura masa laifi ne da ka iya jawo tarar da ta kai dala 100,000 da ɗaurin shekara guda. Hukumar kula da teku ta ƙasar, wato NOAA, ta ce a tsaya nesa da yadi 50, wato kimanin mita 45, kada kallon ya wuce minti 30, kada a kewaye su, kada a raba uwa da ɗa. A 2007 aka fara wani shiri mai suna Dolphin SMART a yankin Key West na Fulorida, inda kamfanin da ya yarda ya bi ƙa'idojin yake samun tambarin shaida. Sai dai na sa-kai ne, kuma teku da faɗi, jami'ai kaɗan. A Hawai, inda wani nau'in dolfin ke farauta da dare ya shigo gaɓa ya huta da rana, shawara ta kasa aiki, sai da aka mayar da yadi 50 ɗin doka a 2021. Ostareliya ta fi kowa yanke zance: ƙa'idojinta na ƙasa na 2017 sun sa babur ɗin ruwa cikin abubuwan hawan da ba a yarda a yi kallon dolfin da su ba, kuma kada ya matso ƙasa da mita 300. A ganina su suka fi gaskiya. Na'urar da aka ƙera don gudu da tsalle, a bar ta a fagen gudu da tsalle.

Duk da haka, a inda doka ta bari, ayari mai jagora ya fi sakin baƙi su yi haya su bazu yadda suka ga dama. Rashin farfela a waje ma yana rage irin yankan da jirage ke yi wa bayan dabbar, ko da yake karo da gudu karo ne. Kuma sana'ar tana ciyar da gidaje. Jagora nagari ya san cewa idan dolfin suka ƙaurace wa wajen, abincinsa ne ya ƙaura. Matsalarsa ita ce baƙon da ya biya kuɗi masu kauri yana son hoton da ya gani a allo, kamfanin da ke maƙwabtaka da shi kuma yana alkawarin kai mutane har su taɓa.

Saboda haka nauyin ya dawo kan mai biya, ko a Fulorida yake ko a wata gaɓar da hutu ya kai shi. Tun kafin ka ba da kuɗi, tambayi mai karɓa: "Malam, idan mun gan su, a wace tazara muke tsayawa, kuma babura nawa ke cikin ayari?" Wanda ya ce maka tabbas za ka taɓa ko za ka yi iyo da su, ka san da abin da yake jawo su. A kan ruwa, idan an hango su, a rage gudu tun daga nesa, a bi gefensu a layi ɗaya, ba ta gabansu ba, ba ta bayansu ba. Idan sun matso da kansu, ka bar inji a hankali, hannunka a jikinka, har su wuce. Idan ka ga ɗaya yana dukan ruwa da wutsiya, ko yana fesar da numfashi da ƙarfi a kai a kai, ko garken na ta sauya hanya, ko uwa ta shiga tsakaninku da ɗanta, to sun gaji da ku. A nan jagoran da ya san aikinsa zai ɗaga hannu ya juya ayari, ko da saura rabin awa a cikin kuɗin da kuka biya.