Takardu Biyu da Suka Nemi Haɗa Kan Kiristoci

A 1804, Barton Stone da abokansa biyar a Kentucky ta Amurka suka rubuta wa majalisar cocinsu ta Springfield wasiyya, suka rushe ta da hannunsu domin a kira su Kiristoci kawai. A 1809 Thomas Campbell ya fitar da nasa bayanin a Pennsylvania: ikilisiya ɗaya ce, kada a ɗora wa mai bi abin da Sabon Alkawari bai umarta ba. Haɗin kai suka nema da gaske. Wani zai ce ai magadansu sun rabu a kan kayan kiɗa a sujada, har ƙidayar coci-cocin Amurka ta 1906 ta lissafa su daban. Haka ne, amma takardun ba su hango cewa shirun Littafi Mai Tsarki ma zai jawo gardama ba: wasu suka ɗauke shi izini, wasu hani.