Wallafa Darussan Harsunan Nijeriya Domin Karatu a Wayar Hannu

1.0 Gabatarwa

Rufe makarantun da aka yi a Nijeriya a watan Maris na 2020, sakamakon annobar korona, ya sa malamai da dama sun koma aika darussa ta wayar hannu. Manufar wannan maƙala ita ce a nuna cewa sigar da aka zaɓa wajen wallafa darasi ita ke yanke hukuncin ko zai isa ga ɗalibi lafiya ko zai lalace a hanya, musamman idan darasin na harshe ne.

2.0 Sigogin Wallafa

A shekarun baya, akasarin darussa masu motsi da sauti an gina su ne da manhajar Flash ta kamfanin Adobe. Kamfanin Apple ya ƙi karɓar ta a wayoyinsa, kuma a 2010 shugabansa, Steve Jobs, ya bayyana dalilansa a rubuce. A 2011 Adobe ya daina inganta ta domin wayoyi, sannan ya yi watsi da ita ɗungurungum a ƙarshen 2020. Darussan da aka gina da ita sun daina buɗuwa, sai waɗanda aka sauya wa siga. Magajiyarta ita ce HTML5, wadda aka tabbatar da ƙa'idojinta a 2014, kuma kowace waya ta zamani na iya karanta ta ba tare da ƙarin manhaja ba.

Sigar PDF, wadda ta fito a 1993, ita ce aka fi sabawa da ita a jami'o'inmu. Sai dai shafinta a kafe yake, don haka mai karatu a ƙaramin allo sai ya yi ta jan rubutu dama da hagu. Ita kuwa EPUB 3, ta 2011, rubutunta yakan daidaita kansa da girman allo, kuma tana ba da damar haɗa jimla da muryar mai karanta ta.

3.0 Matsalar Haruffa

Haruffa masu lanƙwasa na Hausa, wato ɓ da ɗ da ƙ, da masu ɗigo a ƙasa na Yarabanci da Ibo, kamar ẹ da ọ da ụ, sun daɗe suna wahalar da maɗaba'u. Dabarar da aka saba yi a da ita ce a ƙirƙiri salon haruffa na musamman, a ɗora ƙ a gurbin wata alama da ba a bukata. Idan irin wannan rubutu ya shiga wayar da ba ta da salon, sai tsohuwar alamar ta dawo, kalma ta rikice. Maganin wannan shi ne tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, ya kuma ba kowane harafi lambarsa ta dindindin. Saboda haka wajibi ne a sake buga tsofaffin darussa da wannan tsari kafin a wallafa su, domin bambancin "kafa" da "ƙafa" ba na ado ba ne.

4.0 Karin Sauti da Tsawon Wasali

A nan ne waya ta fi takarda amfani. Ƙa'idojin rubutun Hausa ba sa nuna karin sauti ko tsawon wasali, shi ya sa "gari" na mazauni da "gari" na tuwo suke da kama ɗaya a rubuce, haka ma "kuka" na hawaye da "kuka" ta miya. Ɗalibin da Hausa ba harshen uwarsa ba ne, in ya taɓa kalma ya ji furucinta, ya huta da canke. Amma sauti na da nauyi, ga tsadar data da ƙarancin wutar lantarki. Don haka ya kyautu a gutsuttsura darasi, a fifita murya a kan bidiyo, a kuma ba da damar sauke shi sau ɗaya a ci gaba da karatu ba intanet, kamar yadda manhajar Moodle ta waya ke yi.

5.0 Kammalawa

Daga bayanan da suka gabata, za a fahimci cewa wannan aiki bai kamata a bar wa masana kwamfuta su kaɗai ba. Masanin harshe ne zai tantance ingancin haruffa da furuci, kuma ya dace a jarraba kowane darasi a kan waya mai araha, irin wadda ɗalibai suka fi riƙewa, kafin a sake shi.