Malaman Sa Barci a Jami'a da Amfaninsu ga Jama'ar Birnin Gwari

Jama'a da dama sun san likitan tiyata, amma kaɗan ne suka san likitan sa barci, wanda ke kashe wa majiyyaci zafi, ya kuma tsare numfashinsa da bugun zuciyarsa har a kammala aiki. Daga cikin waɗannan likitoci akwai malaman jami'a, kamar na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika, Zariya, da na Asibitin Koyarwa na Barau Dikko da ke Kaduna. Ayyukansu uku ne.

Na farko shi ne koyarwa. Bayan shekara 6 na karatun likita, mai son wannan fanni zai ƙara wasu shekaru yana samun horo, sannan ya ci jarrabawar Kwalejin Likitocin Tiyata ta Afirka ta Yamma ko ta Kwalejin Horar da Ƙwararrun Likitoci ta Nijeriya. Hukumar da ta haɗa ƙungiyoyin likitocin sa barci na duniya ta ba da shawarar a samu aƙalla 5 ga kowane mutum 100,000, alhali Nijeriya ba ta kai 1 ba. Saboda haka a asibitocin karkara ma'aikatan jinya masu horo na musamman ne suka fi ɗaukar wannan nauyi.

Na biyu shi ne bincike. A shekarar 2018 aka wallafa sakamakon wani bincike da Farfesa Bruce Biccard na Afirka ta Kudu ya jagoranta a ƙasashen Afirka 25, har da Nijeriya. An gano cewa haɗarin mutuwa bayan tiyata a nahiyar ya ninka matsakaicin na duniya sau biyu, galibi saboda ba a lura da taɓarɓarewar majiyyaci da wuri.

Na uku shi ne atisaye da mutum-mutumi, hanyar da Dokta David Gaba ya bunƙasa a Amurka a ƙarshen shekarun 1980. Ɗalibi zai koyi zura bututun numfashi da farfaɗo da zuciya a jikin roba, ya maimaita har hannunsa ya faɗa, kafin ya taɓa ɗan Adam.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. Tsakanin Birnin Gwari da Kaduna akwai fiye da kilomita 100, kuma hanyar ta ratsa daji. Mai naƙudar da ke bukatar tiyatar gaggawa, ko wanda ya yi mummunan rauni, ba lalle ne ya jure wannan tafiya ba. Ransa ya dogara, bayan ikon Allah, ga ƙwarewar ma'aikacin da ke kusa.

Don haka muna kira ga shugabannin ƙaramar hukuma da hakimai da dagatai da su ƙarfafa wa 'ya'yan yankin gwiwar karanta wannan fanni. Majiyyata kuma su kiyaye umarnin barin ci da sha kafin tiyata, su faɗa wa mai sa barci duk maganin da suke sha, na asibiti ko na gargajiya, ba tare da ɓoye komai ba.